Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano: ina magidanci zai nufa idan yana son rabuwa da ƙwaya?

Mai girma Kwamishina, assalamu alaikum.

Duk lokacin da aka tashi maganar shaye-shaye, a mumbari ko a gidan rediyo, "matasanmu" ake cewa. Mu kuwa mun rubuto ne a kan wanda ba a cika sa shi a lissafi ba: magidanci ɗan shekara arba'in, mai mata da 'ya'ya biyar, yana tuƙa adaidaita sahu ko yana dako a kasuwar Singa, wanda ba ya iya fita nema sai ya kora tramol biyu da shayin safe. Ba don maye ya fara ba. Baya ne ya riƙe, wani abokin aiki ya miƙo masa "maganin gajiya". Yau ko ranar da ba aiki sai ya sha, in ba haka ba jiki ya hau karkarwa.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tramol da kodin suke sha. A Kano an samu kashi 16 cikin ɗari, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Binciken ya haɗa daga ɗan shekara 15 har zuwa 64, don haka ba samari kaɗai ke cikin wannan adadi ba.

To ranar da wannan bawan Allah ya ce ya gaji, ina zai dosa? Akwai asibitin Dawanau, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai sashen ba da shawara na NDLEA da lambarsu ta kira kyauta, 0800 1020 3040. Duk suna aiki. Sai dai a kunnen magidanci, na farko "asibitin mahaukata" ne, na ƙarshe kuma "masu kama mutane". Wanda surukansa ke zaune a unguwarsu, wanda yake shirin aurar da 'ya, zai gwammace ya ci gaba da haɗiyar ƙwaya da a gan shi a ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi. Sannan duk a birni suke ko gefensa. Mutumin Doguwa ko Sumaila sai ya kashe kuɗin mota da yini guda na aiki kafin ya ga likita. Ga babban cikas: kwanciyar wata biyu ko uku. Saurayi iyayensa za su ciyar da shi. Magidanci idan aka kwantar da shi, cefane ya tsaya, mai babur ya karɓe kayansa saboda ba a kawo balas ba, kuɗin makaranta ya taru. Shi ya sa dangi ke karkata zuwa gidan mari, ko su kulle shi a ɗaki da kwaɗo. Kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura a 2019: ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa.

Kullewa a ɗaki ba rashin tausayi kaɗai ba ne, ganganci ne da rai, kuma ga dalili. Mai tramol idan ya tsaya, cikin awa 8 zuwa 24 hamma za ta fara, sai majina da hawaye, ciwon gaɓoɓi, murɗawar ciki, gudawa, gumi, barci ya ƙaurace. Abin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin mako guda. Akwai wahala, amma da maganin ciwo, na gudawa da na amai, da ruwan gishiri da sukari, da rage adadin a hankali ƙarƙashin kulawar likita, mutane da yawa za su iya wuce wannan mako a gidajensu. Ba haka yake ga mai shan ƙwayoyin sa barci irin su diazepam ko rochi ba, ko wanda ya daɗe yana shan giya kullum. Waɗannan idan aka yanke musu kwatsam, jijjiga na iya kama su, hankali ya gushe, har a rasa rai. Diazepam ana rage shi ne da kamar kashi ɗaya cikin goma zuwa kwata duk bayan mako biyu, wani lokacin a ɗauki watanni. Kuma yawancin masu sha haɗawa suke yi: tramol da safe don aiki, wani abu da dare don barci. Wanda bai tambayi me da me ake sha ba, nawa, tun yaushe, bai san irin haɗarin da ke gabansa ba.

Shi kansa tramol ɗin, mai miligiram 50 da mai 100 ne NAFDAC ta amince da su, kuma iyakar abin da likita zai ba babba a yini miligiram 400 ne. Na kasuwa kuwa 200 ne da 225. Guda biyu na 225 sun riga sun haura iyaka tun kafin azahar, kuma daga nan ne haɗarin jijjiga ke ƙaruwa. A tuna wannan mutum da fasinja yake tafe a kan titi.

Abin da muke roƙo, ranka ya daɗe, ba sabon gini ba ne. A buɗe ɗakin ganin likita na yamma, daga bayan la'asar zuwa isha'i, ko da sau biyu ne a mako, a Asibitin Murtala da manyan asibitocin Bichi, Rano, Gaya, Wudil da Gwarzo. Kada a rataya allo a ƙofar. Ya zama cikin sashen da ake duba masu hawan jini da ciwon suga, ta yadda wanda ya ga mutum a layi ba zai san abin da ya kawo shi ba. Ba sai an jira ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa a kowane asibiti ba, don ba mu da su da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin mhGAP na horar da likitoci da nas-nas da ma'aikatan matakin farko kan wannan aiki, da takardar tantancewa ta ASSIST mai tambaya takwas, wadda ba ta wuce minti goma. Da ita ake ware wanda shawara ta ishe shi, da wanda zai riƙa zuwa daga gida, da wanda dole a tura Dawanau ko Aminu Kano: mai jijjiga, mai gane-gane, mai tunanin kashe kansa, mai haɗa ƙwayoyi da yawa. A zuwan farko a gwada hanta da ƙanjamau ga masu yi wa kansu allurar ƙwaya, a duba ciwon damuwa, a kuma duba ciwon bayan da ya jawo komai. Idan aka raba mutum da tramol aka bar shi da ciwonsa, gobe da asuba zai koma wajen mai tebur.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan an wanke jiki. Dangi su ga ya yi ƙiba, su ce ya warke, a daina zuwa asibiti. Alhali kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye sukan sake komawa, kusan daidai da yadda mai hawan jini ke sakin magani, kuma kulawar da ba ta kai wata uku ba ba ta cika ɗorewa ba. Mafi muni, wanda ya yi wata bai sha ba jikinsa ya manta adadin da ya saba. Ya koma ya sha na da, numfashi ya tsaya. Dole a faɗa masa wannan ɓaro-ɓaro kafin a sallame shi, a faɗa wa matarsa. A ajiye allurar naloxone, mai farfaɗo da wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka danne wa numfashi, a kowane ɗakin gaggawa, tare da sanin cewa a kan tramol ba ta gama aikin ita kaɗai, sai an lura da jijjiga. A sa ma'aikaci guda da waya, aikinsa kiran duk wanda bai zo ranarsa ba. A ba da ɗaki guda inda magidanta zalla za su zauna sau ɗaya a mako, don mai 'ya'ya ba zai buɗe cikinsa a gaban sa'an ɗansa ba.

Matar gida ma tana buƙatar zama nata, da yardar mijin: ta san alamun komawa, ta san yadda ake kwantar da wanda ya suma a gefensa kada ya shaƙe, ta san ajiye magani inda hannun yara ba ya kaiwa. Idan akwai duka a gidan, tsaronta da na yaran ne farko, jinya ta biyo baya. Yawancin matan nan Hisbah suke fara kai kuka, ko wajen liman ko mai unguwa. Ya kamata kowannensu ya riƙe takarda guda da Hausa, da boko da ajami, mai sunan asibiti, rana, lokaci da kuɗin kati, a riƙa sabunta ta, a karanta ta a rediyo. Yanzu wanda ya tambaya, sai dai a ce masa "an ce akwai wani waje".

Saura kuɗi. A rubuta jinyar shaye-shaye a fili cikin ayyukan da KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ke biya, har da magungunan makon farko da ganin likita na wata uku. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin mara lafiya, don haka ma'aikatarka tana da madogara ta yi wa duk gidan da ke cewa yana gyaran masu shaye-shaye rajista, ta kuma riƙa kai ziyarar ba-zata. Muna ba da shawarar a fara da asibiti biyu, ɗaya a birni ɗaya a karkara, a ƙirga mutum nawa suka zo da nawa suka kai wata uku, a fitar da alƙaluman bayan wata shida.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya da masu ba da shawara kan shaye-shaye, Kano.