Mawaƙanmu su san abin da suke sa wa hannu

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin matasan mawaƙanmu game da yarjejeniyar da suke ƙullawa da kamfanonin waƙa, wadda sau da yawa takan koma rigima da zarar waƙa ta karɓu kuma kuɗi suka fara shigowa.

Abin da ya faru tsakanin Kiss Daniel da kamfanin G-Worldwide ya isa abin nazari. Ya shiga kamfanin a 2013, lokacin ba wanda ya san shi, sannan bayan ya yi suna ya fice a ƙarshen 2017 ya kafa nasa. Kamfanin ya garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Legas yana cewa wa'adin shekara bakwai da aka yi alkawari bai cika ba, kuma har sunan da mawaƙin yake amsawa mallakar kamfani ne. A 2018 mawaƙin ya sauya sunansa zuwa Kizz Daniel. Kafin shi, mawaƙi Brymo ya yi irin wannan shari'a da kamfanin Chocolate City a 2013, har kotu ta dakatar da shi daga fitar da sababbin waƙoƙi na wasu watanni.

Ba na ganin laifin kamfani don ya nemi riba, domin shi ne ya biya kuɗin situdiyo da ɗaukar bidiyo da talla a lokacin da babu tabbacin za a mayar da ko kwabo. Abin da yake damuna shi ne yadda ake ƙulla yarjejeniyar: yaro mai zumuɗin a ji muryarsa, takarda mai shafuka da yawa cikin Turancin lauyoyi, kuma lauya ɗaya tilo a ɗakin, wanda na kamfani ne. Sai daga baya mawaƙin ya gane cewa kuɗin kafin alƙalami da motar da aka ba shi bashi ne da za a cire daga kasonsa, kuma ainihin waƙoƙin da ya raira ba nasa ba ne.

A nan Arewa lamarin ya fi muni, saboda galibi ma babu takardar. Mun saba da cinikin baki tun zamanin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suke sayen waƙa ɗungurungum su buga a kaset. A wancan lokacin ciniki yana ƙarewa ne da ƙarewar kaset, amma yanzu waƙar da aka ɗora a YouTube ko Audiomack tana iya kawo kuɗi shekara da shekaru, kuma kuɗin suna shiga asusun wanda ya buɗe tashar. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi cewa mallakar waƙa ba ta sauya hannu sai a rubuce, amma mawaƙa nawa ne suka san da haka?

Ina kira ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN su fitar da samfurin yarjejeniya cikin Hausa, wanda zai fayyace wa'adi, da kason kowa, da mai mallakar waƙa da tashar da za a ɗora ta, da yadda za a rabu idan zama ya ƙi, sannan a hana kamfani yi wa sunan mawaƙi rajista a matsayin nasa.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya