Godiya ga sashen gashin ƙashi kan kula da wuyan waɗanda aka yi wa tiyatar ƙeya

Zuwa ga Shugabar sashen gashin ƙashi da dukkan ma'aikatanta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Mu ma'aikatan jinya ne na ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yi wa tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a asibitin nan. Mun ga ya dace mu yi godiyarmu a fili, inda majinyata da danginsu za su karanta, saboda wani rukuni na marasa lafiya da kuke karɓa daga hannunmu: waɗanda aka buɗe wa ƙeya don a rage wa ƙwaƙwalwa matsi, aka sallame su lafiya, amma bayan wata 2 ko 3 wuya bai iya riƙe kai ba, ga kuma zogi yana tashi daga dokin wuya zuwa tsakar ka.

Yawancinsu masu larurar Chiari ne, wadda ta ci sunan Hans Chiari, likitan da ya bayyana ta a 1891. Ƙasan ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya ne yake zurmawa cikin ramin da laka ke fita daga ƙoƙon kai, da milimita 5 ko fiye, sai ya tare hanyar ruwan ƙwaƙwalwa. Don a buɗe hanyar, likita yakan tsaga daga tudun ƙeya zuwa saman wuya, ya cire ƙashi mai faɗin kusan santimita 3, sau da yawa ya haɗa da bayan ƙashin wuya na farko, wani lokaci kuma ya buɗe tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ya yi masa faci don wurin ya ƙara faɗi. Kafin a kai ga ƙashin nan, dole a ɓamɓare tsokokin ƙeya daga inda suka manne, a ja su gefe da ƙarfe na tsawon sa'o'i, alhali kan majinyaci yana sunkuye a ɗaure. Aikin yana iya yin kyau ƙwarai, ruwa ya samu hanya, ciwon kan da ke zuwa da tari ko atishawa ya tafi. Amma tsokar da aka ɓamɓare ba ta komawa mazauninta kamar da. Da tabo take warkewa, wani ɓangaren abin da take riƙewa ma an cire shi, kuma kan babban mutum ya kai kusan kilo 5. Wanda ya dawo yana cewa da la'asar sai ya tallafe haɓarsa da hannu, ba raki yake yi ba.

Abin da ya fi sa mu rubuta wannan wasiƙa shi ne ba kwa fara taɓa wuyan kowa sai kun tantance irin ciwon da ke damunsa. "Wuyana yana ciwo" magana ɗaya ce, amma abubuwa dabam-dabam ne a ƙarƙashinta. Ciwon tsoka nauyi ne da gajiya, yana ƙaruwa da yini, yana lafawa idan an kwanta an tallafe kai. Ciwon jijiyar ƙeya kuwa fizga yake yi kamar an jona wa mutum wutar lantarki, yawanci a gefe guda, ya bi bayan kai har wani lokaci ya sauka bayan ido, fatar wurin ta ƙi taje kai, ta ƙi hula, ta ƙi ko matashi. Sai kashi na uku, wanda ba naku ba ne, kuma kun san ba naku ba ne. Ciwon kai da ke tsananta idan an miƙe tsaye ya lafa da an kwanta yana nuna ruwan ƙwaƙwalwa na yoyo. Kumburi mai laushi a ƙarƙashin ɗinki da ke ƙara cika idan an yi tari, ruwan ne ya taru a bayan faci. Farin ruwa da ke jiƙa bandeji, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, amai da yawan barci, ƙwarewa wajen haɗiya, dashewar murya, hannu da ke ƙara rasa ƙarfi, duk waɗannan a ranar kuke mayar da mutum ga likitan tiyata, da takarda a hannunsa da ke faɗin abin da kuka gani da ranar da ya fara. Takardar nan ƙarama ce, amma ita ke sa a duba shi a ranar maimakon a ba shi lokacin asibiti na wata mai zuwa. Haka kuma idan yaro ne, ko wanda aka cire wa bayan ƙashin wuya fiye da ɗaya, ko mai gaɓɓai masu yawan lanƙwasa, kukan nemi a fara ɗaukar hoton wuya a sunkuye da kuma a ɗage, don a tabbatar mahaɗin kai da wuya ba ya gocewa kafin a ɗora masa wani motsi.

Jama'a suna kiran aikinku gashin ƙashi, don haka da yawa suna zuwa da tsammanin za a kunna musu fitila mai zafi a ƙeya. Mun ji daɗi da kuke hana wannan a kan fatar da ba ta ji. Bayan tiyatar nan akwai wurin da ke mutuwa a gefen tabo, kuma fatar da ba ta jin zafi ba za ta gaya wa mai ita ta ƙone ba. Gargaɗin da kuke yi wa masu jinya a gida kan tsumma da ruwan zafi ya hana ƙuna da yawa.

Kan abin ɗaure wuya ma kun tsaya tsayin daka. Majinyaci yana jin daɗinsa domin yana ɗauke masa nauyin kai, sai ya mayar da shi kamar riga, dare da rana, wata da watanni. Tsokar da aka hutar haka ramewa take yi, ranar da aka cire abin sai wuya ya fi da rauni. In dai ba likitan tiyata ne ya ce a ci gaba da sawa saboda gocewar ƙashi ba, kukan janye shi sannu a hankali, a ƙara sa'o'in da ake zama babu shi, har ya koma sai a cikin mota kawai.

Motsin da kuke farawa da shi, wanda bai sani ba zai ce wasa ne. Bayan rauni ya haɗe kuma likita ya ba da izini, galibi wajen mako na 6, mutum yakan kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware, ya ɗan gyaɗa kai kaɗan kamar mai amsa magana, ba tare da ya ɗaga ƙeya daga shimfiɗa ba. Ƙananan tsokokin da ke manne da ƙashin wuya ta gaba ake nema. Dabarar da muka gani a wurinku ita ce amfani da jakar iska ta abin awon hawan jini: a naɗe ta a sa ƙarƙashin wuya, a hura zuwa 20, majinyaci ya gyaɗa kai har allurar agogon abin awon ta kai 22, ya riƙe daƙiƙa 10, ya saki, sau 10. Idan ya iya wannan ba tare da rawar allura ba, a matsa zuwa 24, a bi da bibbiyu har 30, ko da hakan zai ɗauki makonni. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya danna da ƙarfi don allura ta haura, sai manyan tsokoki biyu da ke saukowa daga bayan kunne zuwa ƙirji su miƙe, su karɓe aikin, waɗanda ake son farkarwa su ci gaba da barci. Shi ya sa ma'aikacinku ke ajiye yatsa a kan tsokar yana lura. Ana kuma hana riƙe numfashi, domin yunƙuri yana ɗaga matsin ruwan ƙwaƙwalwa a daidai inda aka yi faci.

Daga nan ake komawa tsokokin baya, waɗanda aka yi wa ainihin raunin. A sa tafin hannu a ƙeya, sama da tabo, a tura kai baya kaɗan ba tare da ya motsa ba, da ƙarfin da bai wuce kashi 1 cikin 5 na abin da mutum zai iya ba, daƙiƙa 5 zuwa 10. Haka ta gefen dama da hagu. Sai an ƙware a wannan ake yin rarrafe a riƙe kai daidai da gadon baya. Ana haɗawa da jan allon kafaɗa baya da ƙasa, domin wanda wuyansa ya gaza yakan ɗage kafaɗu ya riƙe kai da su, sai ciwon ya sauko tsakanin kafaɗu. Tafiya a ƙasa kuwa tun makon farko ake fara ta, minti 10 a hankali har ta kai 30. Ƙa'idar da kuke ba su mai sauƙin riƙewa ce: gajiyar da ta wuce kafin gobe ba komai, ciwon da ya kwana ya wuni alama ce an yi yawa, a koma matakin baya.

Jijiyar ƙeya babba tana fitowa ne daga tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu, ta huda tsokokin da aka ja lokacin tiyata, ta fito ƙarƙashin fata kamar yatsa biyu daga tudun ƙeya. Jan da aka yi wa tsoka da ƙarfe yana iya sage ta, ɗinki yana iya kama ta, tabo yana iya shaƙe ta daga baya, wanda shi ne dalilin da wasu ba sa fara jin fizgar sai bayan makonni. Jijiyar da ta samu rauni tana tsirowa da kusan milimita 1 a yini, saboda haka maganar watanni ake yi. Kuna koya musu sabar wa fatar da taɓawa: auduga da farko, sai ƙyalle mai laushi, sai tawul, 'yan mintuna sau 3 ko 4 a yini, kuma a riƙa murza tabo a hankali bayan ya warke don kada ya manne da abin da ke ƙasa. Idan danna wurin da jijiyar ta fito da yatsa yana tayar da fizgar nan take, kukan tura mutum a yi masa allurar kashe zafi a gindin jijiyar. In ciwon ya ɗauke cikin mintuna, an gane mai laifi.

Ba ku rubuta magani, amma kuna tambayar abin da mutum ke sha, kuma a nan ake kama ɓarna. Parasitamol da diklofenak ba su cika taɓa ciwon jijiya ba, sai mutum ya yi ta ƙara yawa har diklofenak ya jawo masa gyambon ciki. Magungunan da likita kan bayar, irin su amitriptyline da dare, ko gabapentin ko pregabalin, da kaɗan ake fara su a riƙa ƙarawa, sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga amfaninsu, ba a kuma yanke su rana ɗaya. Da yawa suna jefar da su a kwana na 3 saboda jiri da barci, su je kemis su sayi tiramadol. Tiramadol yana iya jawo farfaɗiya, haɗa shi da amitriptyline yana ƙara haɗarin, ga kuma taurin bayan gida da ke sa yunƙurin da ake gudu. Bayanin da kuke yi musu a kan wannan, a zaune, ba tare da tsawa ba, ya fi abin da muke samun lokacin yi a ranar sallama.

Wani abin yabon shi ne shawararku ta san gidajen da mutanen nan ke komawa. Takardar sallama takan ce kada a ɗaga abin da ya wuce kilo 4 ko 5 a makonni 6 na farko, ku kuma kukan fassara ta: jakar fiya wata kilo 10 ce, jarka mai lita 25 kilo 25 ce, kuma ɗora kaya a ka, da gammo ko babu gammo, ba a komawa gare shi sai likita ya ce. Goyon yaro mai wayo a dakata. Daka da surfe a bar wa wani. Hawa babur a hanya mai ramuka yana girgiza wuya fiye da duk wani aikin gida. Mata su sassauta kitso da ɗaurin ɗankwali a ƙeya, maza su duba inda bakin hula ke zama. Matashi ya cike tsakanin kunne da kafaɗa idan an kwanta a gefe, a daina kwanciya rub da ciki domin tana murɗe wuya dare guda. Wanda ruku'u da sujada ke tayar masa da jiri ko fizga, kuna tuna masa cewa addini ya yi wa marar lafiya rangwamen yin salla a zaune, ya ɗan rusuna gwargwadon iko har wuya ya yi ƙwari. Mun kuma gode da yadda kuke faɗa ƙarara cewa wuyan da aka cire wa ƙashi ba na mai ɗori ba ne, ba a ja, ba a murɗa shi ya yi ƙara, ba a yin ƙaho ko tsaga a kan tabo, tunda a ƙarƙashin wurin babu ƙashi sai tsoka da tantani. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Akwai waɗanda ruwa ya riga ya taru a cikin lakarsu kafin a yi aikin. Su ciwonsu ƙuna ce a kafaɗa da hannu, wani lokaci ba sa bambanta zafi da sanyi a wurin. Tiyata takan tsayar da ci gaban larurar, ruwan yakan ragu a hoton MRI, mai nuna cikin laka, na bayan watanni, amma ƙunar tana iya zama, domin lakar ce da kanta ta ji rauni. Ba kwa yi musu alkawarin abin da motsa jiki ba zai iya ba. Kuna auna ƙarfin damƙar hannu da faɗin wurin da ba ya ji a kowane zuwa, ku rubuta, ta yadda idan abu ya fara lalacewa za a gani a takarda kafin tsokar tafin hannu ta zube. Kuna kuma koya musu gwada ruwan wanka da hannun da ke ji, da kiyaye tukunya da dutsen guga.

Roƙonmu guda biyu ne. Takardar motsa jiki da kuka rubuta da Hausa, mai zanen kwanciya da yadda ake sa hannu, a ƙara buga ta a ajiye mana a ɗakinmu don mu riƙa bayarwa tun ranar sallama, in da hali a yi ta da ajami saboda dattawa. Na biyu, waɗanda ke zuwa daga nesa a haɗa musu ranar ganinku da ranar ganin likitan tiyata, domin tafiyar mota sau biyu a wata tana rushe musu abin da suka gina a gida.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa hannuwanku albarka.

Wassalam.

Daga ma'aikatan jinya na ɗakin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka.