Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Shari'a Kan Laifukan Ƙiyayya

Mai girma Minista, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ɗauki alƙalami ne saboda wani abu da na gani da idona, wanda har yau ya ƙi barin zuciyata.

Na raka wani bawan Allah ofishin 'yan sanda bayan wasu matasa sun tare shi da dare sun lakaɗa masa duka. Haƙori ɗaya ya fita, leɓe a kumbure, da ƙyar yake magana. Sau uku yana faɗa wa jami'in da ke kan tebur cewa suna dukansa suna zagin ƙabilarsa, suna cewa irinsu ba su da wurin zama a nan. Wayarsa da kuɗinsa suna aljihu, ko taɓa su ba a yi ba. Jami'in ya saurare shi da mutunci, amma da ya karanto abin da ya rubuta sai muka ji "faɗa da jin rauni". Na ce, yallaɓai, ina maganar zagin? Sai ya juyo da takardar ya nuna mini: ga gurbin suna, ga na adireshi, ga na lokaci, ga na irin raunin. Babu inda zai sa dalilin dukan.

A kan wannan tebur maganar ta mutu. Mai gabatar da ƙara ba zai gan ta a fayil ba, alƙali ba zai ji ta ba, kai ma da ke saman ma'aikatar ba za ta iso gare ka ba.

Laifin ƙiyayya, kamar yadda ka fi ni sani, laifi ne da dama can doka ta hana, kamar duka, kisa, sa wuta ko ɓarnata dukiya, sai dai an zaɓi wanda za a yi wa ne saboda ƙabilarsa, addininsa, launin fatarsa ko naƙasarsa. Shi ya sa raɗaɗinsa ba ya tsayawa kan mutum ɗaya. Bayan dukan nan, matarsa ta hana yara fita wasa, 'yan uwansa kuma suka daina bin hanyar da dare, alhali babu wanda ya taɓa su.

Wasu ƙasashe sai da jini ya zuba suka gane. A Jamus, tsakanin 2000 da 2007, ƙungiyar 'yan Nazi ta NSU ta kashe mutum goma: takwas 'yan asalin Turkiyya, ɗaya ɗan asalin Girka, da wata 'yar sanda. Shekara da shekaru masu bincike suna zargin harkar ƙwaya da rikicin 'yan daba, suna tsare iyalan mamatan da tambayoyi kamar su ne masu laifi. Sai a Nuwamban 2011 asiri ya tonu. Ka duba halin matar da aka kashe mata miji, sannan ake tuhumar gawarsa. A 2015 ne Jamus ta gyara sashe na 46 na dokar laifukanta, ta ambaci wariyar launin fata da ƙin baƙi ƙarara cikin abubuwan da alƙali zai duba wajen yanke hukunci.

A Ingila kuwa, an kashe Stephen Lawrence, baƙar fata ɗan shekara 18, yana jiran bas a Landan a 1993. Binciken ya lalace tun farko, sai a 2012 aka samu mutum biyu da laifi. Rahoton da Macpherson, tsohon alƙalin da aka sa ya duba yadda 'yan sanda suka gudanar da binciken, ya fitar a 1999 ya kawo shawarwari 70, kuma akwai ɗaya da nake so ka tsaya a kanta: duk abin da wanda aka cuta, ko wani mutum dabam, ya ɗauka wariya ce ta jawo shi, to ɗan sanda ya rubuta shi a haka. Rubutawar ba yanke hukunci ba ce, kotu ce za ta tantance da hujja. Amfaninta shi ne ta tilasta wa mai bincike bin sawun dalilin tun ranar farko, kafin shaidu su watse.

Doka kaɗai ba ta isa ba, Amurka ta nuna haka. Tun 1990 take da dokar tattara alƙaluman waɗannan laifuka, amma ba a wajabta wa rundunonin 'yan sanda aika wa FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar, bayanansu ba. A 2019 hukumar ta ƙirga 7,314, yayin da binciken da ma'aikatar shari'ar ƙasar ke yi ta hanyar tambayar jama'a kai tsaye yake nuna kusan 250,000 a shekara. Da yawa ba sa kai ƙara, waɗanda suka kai kuma akan rubuta nasu da wani suna.

Na san za a ce maka fitar da irin waɗannan alƙaluma zai rura wutar gaba. Ni a ganina jita-jita ce ke rura ta, kuma tana yin ƙarfi ne a inda hukuma ta yi shiru. Mutanen da suka ga an daki nasu kuma babu wanda ya kira abin da sunansa, su ne ke fara tunanin ramuwa. Haka kuma idan aka fara rubutawa, adadin zai yi sama a shekarun farko. Kada hakan ya firgita ka, mutane ne suka fara yarda su zo su faɗa.

Roƙona, ranka ya daɗe, a fara da takardar nan: a sa mata gurbin dalili, a koya wa jami'an tebur su tambayi me aka faɗa lokacin harin, su rubuta kalmomin yadda suke komai muninsu. Alamar cewa ana zargin laifin ƙiyayya ne ta bi fayil ɗin har gaban alƙali, kuma duk mai gabatar da ƙarar da ya cire ta ya rubuta hujjarsa. Kowace shekara a bayyana wa jama'a nawa aka rubuta, nawa suka isa kotu, nawa aka hukunta.

Mutumin da na raka ya ce in tambaye ka ko za a iya sake buɗe fayil ɗinsa a ƙara abin da aka bari. Har yanzu yana tuna kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

Na gode, Allah ya yi maka jagora.