Godiya ga Injiniya da yaran shagonsa na Sabon Gari kan aikin fitilun masallacinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Injiniya barka da aiki, ya kasuwa ya iyali. Na rubuto wannan ne a madadin kwamitin masallacin unguwarmu da Malam Liman da Baba Ladan da sauran jama'a. Ka ce kar a ambaci sunanka ko sunan shago tunda aikin ɗakin Allah ne, to mun ji, suna ba zai fito ba, amma bayanin aikin kam sai mun yi shi a fili, yabon gwani ya zama dole, kuma Annabi SAW ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Duk mai son sanin shagon ya same mu bayan sallah mu yi masa kwatance, wajajen France Road ne dai ba nisa da kasuwar Sabon Gari.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, tun da aka yi wa masallacin gyara aka sa silin na POP sai aka cika shi da fitilun LED farare fes, irin masu lambar launin haske 6500K ɗin nan, kuma gaskiya tsakanin magariba da isha lokacin karatu ba abin da ya kai su daɗi, dattijo ma yana ganin wasali ba sai ya kai littafi kusa da hanci ba. Matsalar sai dare ya raba, musamman goman ƙarshe na azumi, mutum ya taso daga barci ƙarfe ɗaya ya shigo tahajjud haske ya dalle masa ido, ga batiran sola suna ja da fankoki da amfilifaya, kafin a kai sahur inbata ta fara kuka. Dabarar Baba Ladan ita ce ya kashe rabin makunnan, to sai sahun gaba ya yi duhu sahun baya ya yi rana, masu riƙe da Alƙur'ani suna bin liman su yi ta ƙorafi. An taɓa kiran wani mai wayarin ya sa mana dima, wato na'urar rage haske, irin mai murɗawa ɗin nan, ranar da aka gwada fitilun suka kama ƙyaftawa, lasifika ta ɗauki wani zuuu da ba ya tsayawa, wasu ƙwayayen ma suka mutu, dole aka cire aka koma gidan jiya.

Abin da ya fara burge mu da kai shi ne da muka zo shago da kuɗinmu a aljihu muka ce a ba mu dima mara waya mai rimot, ba ka miƙo mana kwali ba, ka ce sai ka je ka ga wurin tukuna. Wallahi wani da tuni ya yanka rasit. Ka zo da yaronka da tsani, ka ciro ƙwai ɗaya daga silin ka nuna mana rubutun jikinsa, ka ce wannan ba a yi shi dan a rage masa haske ba, ko dima na nawa aka sa masa ƙyaftawa zai yi ko ya ƙone, saboda akwai ɗan injin da ke cikin gindin kowane ƙwan LED wanda ke juya wutar gida zuwa wadda fitilar ke sha, wani an ƙera shi ya yarda a rage wani kuma ba a ƙera shi haka ba, kuma yawancin na kasuwa masu araha na biyun ne. Sannan ka yi mana bayanin wancan dima da aka cire, wai na tsofaffin ƙwayaye ne masu zare a ciki, masu zafin nan na wat 60 da 100. Wutarmu ta Najeriya bolt 230 ce tana kaiwa tana komowa sau 50 a daƙiƙa, shi dima yanko wani ɓangare yake yi daga kowane zagaye, na da ɗin yana yanka daga farko sai wutar ta afko wa ƙwan da ƙarfi lokaci ɗaya, shi ko wanda ya dace da LED daga ƙarshe yake yankewa, shi ya sa ba ya sa ƙara sosai. Ni dai malamin makaranta ne ba injiniya ba amma yadda ka zana mana shi a bayan kwali kowa ya gane har Alhaji ma'aji da ba ya son dogon bayani.

Ka duba inbata ma kafin komai, ka ce da irin mai araha ce mai fitar da wuta gutsure-gutsure da ba ka karɓi aikin ba sai an canza ta, Allah ya taimake mu tamu mai fitar da wuta sumul ce irin ta layi. Ka kuma gargaɗe mu kan ƙaramin janareto, in yana hawa yana sauka fitilun za su bi shi, kar mu ce dima ne ya lalace.

Inda aka fi jan magana shi ne wajen zaɓen irin na'urar. Matasanmu sun dage sai mai wayifai, wanda ake sarrafawa da waya ta manhajar Tuya ko Smart Life, mutum yana gida kwance ya rage fitilar masallaci, har wani yana cewa za a sa masa lokaci ya dinga yi da kansa. Kana da shi a shago kuma ya fi tsada, ribarka ta fi yawa a can. Sai ka yi tambaya ɗaya, ka ce wa ke buɗe masallaci da asuba? Aka ce Baba Ladan. Wace waya gare shi? Ƙaramar Nokia mai madannai. Ka ce to magana ta ƙare, mai wayifai sai da rauta, akwatin da ke raba intanet, a kunne dare da rana, sai da data, yawancinsu ma cikin layukan wayifai biyu na 2.4 kawai suke kamawa ba sa ganin na 5, ranar da data ta ƙare ko wanda ya yi rajistar da wayarsa ya tafi bautar ƙasa shikenan an shiga neman mai gyara. Ka ba mu shawarar mai rimot na rediyo, ba ruwansa da intanet, kuma ba irin rimot ɗin talabijin ba ne da sai ka saita shi, wannan ko daga bayan ginshiƙi ko daga ɗakin ladan ka danna yana ji. Matasan sun ɗan ɓata rai a ranar, ni ma a raina na so na zamanin, amma yanzu duk mun ga cewa kai ka duba mutumin da zai riƙe abin kullum ne, kuma wannan shi ne babban dalilin wannan wasiƙar.

Aikin kansa kashi biyu kuka yi shi. Fitilun silin kuka canza su da waɗanda ake ragewa, masu ɗan ruwan ɗorawa kaɗan 4000K, kuka sa musu akwatin karɓar saƙon rimot. Da kuka buɗe makunnan bango sai aka ga waya ɗaya ce kawai ta layif mai kawo wuta ke shiga tana fita, babu nutural wadda wutar ke komawa ta cikinta, kamar yadda aka saba a yawancin wayarin ɗinmu, shi ko akwatin sai da duka biyun, maimakon ku fasa bangon da aka gama fenti sai kuka hau cikin silin kuka sa shi inda wayoyin suka haɗu. Na lura yaronka ya sauke bireka ya kashe inbata ya kuma sa tasta ya gwada ko akwai wuta kafin ya taɓa komai, da na ce ai an kashe sai ya ce Malam gidan da ke da wutar layi da sola da janareto ba a yarda da an kashe sai an gani. Allah ya yi wa yaron nan albarka, yana da natsuwa.

Kashi na biyu shi ne fitilar zare da ke zagaye cikin lungun POP. Ita ba ta shan 230 kai tsaye, sai ta bi ta tiransifoma ƙarama, shi ko dima ɗinta tsakanin tiransifoma da zaren ake sa shi, yana kunnawa yana kashewa da saurin da ido ba ya gani, in ya daɗe a kashe haske ya ragu in ya daɗe a kunne ya ƙaru. A nan ka yi mana lissafi a gabanmu, zaren yana cin wat 14.4 kowace mita, naɗi ɗaya mita 5 ne, wat 72 kenan, ka ce ba a cika wa tiransifoma kaya har wuya, a bar mata kamar kashi 20 cikin ɗari ta sarara in ba haka ba zafin Kano na watan Afrilu cikin silin zai gama da ita. Kuma ashe dalilin da ya sa da can ƙarshen zaren ke yin dishi-dishi shi ne an jona naɗi bayan naɗi a jere wutar tana raguwa a hanya, ku kuka ja wa kowane naɗi wayarsa daban, yanzu daga mihrabi har ƙofar baya haske ɗaya ne.

Wasu ƙananan abubuwa da ba wanda ya sa ku amma kuka yi. Kun raba layin fankoki da na fitilu, ka ce kar a kuskura a ɗora fanka kan dima na fitila. Kun janye wayar makirfo daga kusa da wayoyin fitilun, shi ya sa waccan ƙarar ba ta dawo lasifika ba. Akwatunan roba kuka sa ba na ƙarfe ba tunda ƙarfe yana tare saƙon rimot. Tsofaffin ƙwayayen da ke da rai ba ku tafi da su ba, kuka ɗaura su wajen alwala da baranda.

Sai saiti. Rimot ɗin yanki huɗu ne, na ɗaya sahun gaba da mihrabi, na biyu tsakiya, na uku baya, na huɗu zaren POP. Yadda ake haɗa kowane yanki da rimot ashe ba wuya, a kashe wutar wannan layin a ɗan jira, a kunna, cikin 'yan daƙiƙun farko a danna madannin yankin, in fitilun suka ƙyafta to sun karɓa, sirrin kawai shi ne a kashe sauran layukan lokacin in ba haka ba duk su hau lamba ɗaya. Ba ka ɓoye wannan dan mu dinga kiranka muna biya ba, ka tsayar da matasa biyu suka goge saitin suka sake da hannunsu har suka iya. Takardar da ta zo cikin kwalin da Turanci take, ƙananan rubutu kamar ƙwayar gero, sai ka sa aka rubuta matakan da Hausa aka manna a ɗakin ladan. Ka kuma liƙa wani makunni mai batir a bango kusa da mihrabi ba waya ko ɗaya a bayansa, ka ce rimot abin ɓata ne a wurin da yara ke shiga, in ya ɓata ga madadinsa. Na'urar tana tuna inda aka bar ta, in an ɗauke wuta aka koma sola tsakiyar raka'a fitilun suna dawowa yadda suke, ba sa tashi da cikakken haske su firgita mutane.

Baba Ladan da farko cewa ya yi shi a bar shi da makunnansa na bango. Ka zauna kusa da shi kan darduma kana ce masa Baba danna nan, Baba riƙe nan kar ka saki, har ya fara dariya, yanzu in wani yaro ya taɓa rimot ɗin faɗa ne.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa dan kar a ce yabo ne zalla, aikin ya ɗan wuce ranar da aka yi alkawari saboda akwatin ɗaya sai da aka jira shi daga Alaba a Legas, mun ɗan shiga damuwa ganin azumi ya matso, amma kai ka kira ka faɗa mana tun kafin mu neme ka. Kuma da aka fara tahajjud muka ga layin baya yana ɗan rawa in an rage shi can ƙasa, na kira ka da safe, a daren ka zo da kanka ka bi sallar da mu, bayan an idar ka ɗaga mafi ƙarancin hasken wannan layin sama kaɗan ka ce ƙwayayen kansa ba su da yawa shi ya sa, tun daga nan bai sake ba, ko kuɗin mai ba ka karɓa ba.

Maganar batir kuma, ba mu auna da mita ba amma abin da muka gani shi ne yanzu ana kai asuba da fankoki suna juyawa inbata ba ta yi kuka ba. Ko wajen wutar layi an samu sauƙi, kowa ya san yadda abin ya koma tun Afrilun 2024 da aka kai yunit ɗin 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wuta, naira 225, masallacin da ke dogara da asusun ranar Juma'a duk wat ɗin da aka rage kuɗi ne. Alhaji ma'aji ya ce in faɗa maka rasit ɗinka shi ne na farko da ya gani an rubuta kowane kaya da farashinsa da kuɗin aiki daban da wata nawa garanti, har ragowar canjin waya da ba a yi amfani da ita ba ka dawo da shi.

Saura sashen mata, su ma sun aiko cewa ba su yarda a bar su da farin hasken nan ba, kwamiti ya amince, in kuɗin ya haɗu bayan babbar sallah za mu neme ka, sai dai su rimot ɗinsu daban suke so a hannun malamar Islamiyya, ka fara tunanin yadda za a yi kar nasu ya dinga taɓa namu.

Malam Liman yana gaishe ka, ya yi maka addu'a kai da yaranka bayan sallar Juma'a. Allah ya saka da alheri, Allah ya sa albarka a kasuwa, ya tsare ku daga sharrin wuta da faɗuwa daga tsani, ya jiƙan mahaifa. Mun gode ƙwarai.

Wassalam,
Sakataren kwamitin masallaci, a madadin jama'ar unguwa, Kano.