Godiya ga Ofishin Injiniyoyin Gini da Ke Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, Injiniya, ranka ya daɗe, kai da ma'aikatan ofishinka.

Mu masu zanen gine-gine muna miƙa godiya a bainar jama'a kan kulawar da kuke yi wa aikin da muke turo muku daga Revit, manhajar zanen gini, zuwa ETABS, manhajar lissafin ƙarfin gini. Da yawa suna danna maɓallin CSiXRevit, manhajar da ke kwashe aiki tsakanin su biyun, su karɓi duk abin da ya fito. Ku kuwa sai kun tantance shi gaɓa-gaɓa.

Revit na ɗauke da gini iri biyu: wanda ido ke gani, da ƙwarangwal na layuka da mahaɗai, wanda shi ETABS ke lissafi a kai. A nan matsala take ɓuya. Bim mai milimita 230 da 450 da aka saje samansa da dekin, tsakiyarsa na ƙasa da milimita 225. In layinsa bai haɗu da kan fila ba, a allo komai lafiya lau, amma a lissafi bim ɗin a iska yake, nauyinsa ba ya sauka kan filar. Kukan bi mahaɗan nan hawa-hawa kafin ku ɗora ko da kilo ɗaya.

Bangon bulo mai inci tara ba ya tsallakawa zuwa ETABS, tunda ba shi ke riƙe da bene ba. Da hannu kuke ɗora nauyinsa a kan bim. Haka ƙarfin kankare: 25 na BS 8110, ƙa'idar Birtaniya ta ginin kankare, awon samfuri mai siffar kiyub ne, 25 na C25/30, ajin kankare a ƙa'idar Turai, kuwa na samfuri mai siffar silinda ne, kuma kukan tambaya wanne ake nufi.

Abin da ya fi burge mu shi ne gwajin ƙarshe. Dekin mai kaurin milimita 150, a kan kilonutan (ma'aunin nauyi) 24 kowace mita kiyubik, ya kama kilonutan 3.6 a murabba'in mita. Kukan tara irin wannan da biro, ku gwada da jimillar da manhajar ta ce ta sauka a tushe. In sun saɓa, wani abu ya zube a hanya. A ƙasar fadama irin ta bakin Rima, ba a wasa da wannan.

In lissafi ya sa fila ta ƙara girma, gyaran yakan dawo mana kan filar asali a Revit, tare da takardar abin da ya canza.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Masu zanen gine-gine, Birnin Kebbi