Wasiƙa daga Sakkwato kan halin da iyakarmu da Nijar take ciki

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya a can Kumasi. Ya aiki, ya zaman baƙunta? Ka tambaye ni me ya sa har yanzu ake jin motsin 'yan bindigar nan Lakurawa a Tangaza da Gudu alhali jiragen yaƙi suna ta luguden wuta. A ganina amsar tana bakin iyaka.

Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma a jiharmu Gudu da Tangaza da Illela da Gada da Sabon Birni duk suna jingine da ita. Babbar ƙofar hukuma ita ce ta Illela zuwa Ƙonni, inda kwastan da jami'an shige da fice suke. Saura kuwa gonakin gero ne da burtali da daji, mai babur ba ruwansa da kwalta. Idan soja ya taso 'yan bindiga daga nan, sai su tsallaka, shi kuma ba shi da ikon bin su cikin ƙasar wani sai da yarjejeniya. Maganin abin shi ne sojan can ya san ranar samame ya tare masu hanya ta baya. Hakan ba ya yiwuwa sai kwamandojin ɓangarorin biyu suna da lambar juna, suna musayar bayanan sirri, suna fita sintiri tare.

Wannan alaƙa ce ta yi rauni bayan 26 ga Yuli 2023, ranar da sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum, shugaban Nijar, bayan kwana biyu kuma Janar Abdourahamane Tchiani ya hau mulki. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi har da barazanar kai yaƙi, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijeriya ta buɗe iyaka a Maris, amma yarda ba ta dawo da wuri haka ba. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, a Satumban 2023, ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamban 2023, na Amurka suka bar sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas a 2024, sannan a Maris 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi. Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaron Nijeriya na lokacin, ya je Yamai a Agustan 2024 an sa hannu a takardar fahimtar juna, sai ga shi a Disamba Tchiani yana zargin Nijeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja kuma ta ƙaryata. Kwamandan da ya ji shugabansa ya faɗi haka, yaya zai ɗaga waya ya ba takwaransa sirri?

Su Lakurawa ba jiya suka zo ba. Tun wajen 2018 ake maganarsu a Tangaza da Gudu, kuma da farko wasu mutanen gari ne suka karɓe su don su kore masu ɓarayin shanu. Daga baya suka koma karɓar abin da suke kira zakka a kan dabbobi, suna yanke hukunci, suna dukan matasa kan kiɗa ko aski. Hedikwatar tsaro ta fito ta ambace su a Nuwamban 2024, watan da suka kai hari Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Kebbi, kotun tarayya a Abuja kuma ta ayyana su 'yan ta'adda a Janairun 2025.

Game da jirage, ka san jirgi yana buƙatar ido a ƙasa. Idan bayanin ya tsufa da 'yan sa'o'i, waɗanda ake nema sun hau babura sun watse. Ranar 25 ga Disamba 2024 farar hula sun mutu a wani hari ta sama a ƙaramar hukumar Silame, kuma irin wannan yana sa mai ba da labari ya kama bakinsa. Ko da an dace, in ba a girke soja ko 'yan sanda sun zauna a ƙauyen ba, 'yan bindigar sukan dawo su fara da wanda suke zargi da tsegumi.

Haka ma toshe waya. A Satumban 2021 an katse layuka a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan. Ƙauyukan bakin iyaka suna kama layin Nijar, don haka ɗan bindiga ya canza sim kawai, manomin da ke cikin gari kuwa ya rasa hanyar kiran agaji. Hana sayar da fetur a jarka ma ya fi cizon mai injin ban ruwa, domin mai bindiga yana iya biyan ninki.

Runduna ta 8 ta sojan ƙasa tana nan barikin Giginya, ga rundunar haɗin gwiwa ta Fansan Yamma mai yaƙi da 'yan bindiga, ga askarawan da gwamnatin jiha ta kafa a 2024. Abin da nake sa wa ido shi ne ranar da za a ga sintirin haɗin gwiwa na dindindin tsakanin Illela da Ƙonni, da tsakanin Sabon Birni da yankin Maraɗi.

Ka gaishe da maiɗaki da yara. In za ka zo da salla ka sanar da ni tun da wuri, kuma in za ka leƙa dangi a Gobir, tafiyar hantsi za a yi.

Naka har kullum,
Amininka na Sakkwato