Na rufe wa ƙawata makirufo ana tsakiyar shiri, yanzu ni ake zargi

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da dukkan ma'aikatan wannan fili, ina rubuto miki ne cikin dare, domin tun ranar Alhamis ban samu barcin kirki ba. Na zaɓe ki ne saboda kin daɗe a aikin rediyo, kuma za ki gane abin da mutanen gidanmu ba za su gane ba.

Ni ɗaliba ce a aji uku, sashen koyon aikin jarida, a wata jami'a mai ƙaramar tashar FM da ake horar da ɗalibai a cikinta. A farkon wannan zangon karatu malaminmu ya raba mu biyu-biyu, ya ba kowane rukuni minti 30 a mako. Ni da ƙawata muka samu ranar Alhamis daga ƙarfe 5 zuwa 5:30 na yamma. Wannan ƙawa tawa tun muna aji ɗaya muke ɗaki guda, tukunyarmu ɗaya, kuma lokacin da ta kwanta zazzaɓi ana gab da jarrabawa ni na kwafar mata darasin mako biyu da hannuna. Ban faɗi wannan don gori ba, na faɗa ne don ki san ba baƙuwa ce ta yi mini abin da aka yi ba.

Tashar tamu ƙarfinta kaɗan ne, amma muryarta tana tsallake katangar makaranta ta shiga unguwanni da ƙauyukan da ke kewaye. Da na fahimci haka sai na ɗauki littafina na fita, Asabar biyu a jere, na zauna a teburin mai shayi da shagon tela, na yi magana da 'yan adaidaita sahu a bakin ƙofa, na kuma shiga gidaje shida na zauna da matan aure. Matan sun ce sun fi sauraro da hantsi idan yara sun tafi makaranta, amma da yamma ma rediyon na kunne suna girki. Suna son a yi musu bayanin rigakafin yara da farashin kayan masarufi da Hausa tsantsa, a hankali, a kuma karanta gaisuwarsu. Dattawan sun fi damuwa da maganar taki da hayar gidaje, kuma ɗaya ya ce mini da zarar ya ji an fara surka Hausa da Turanci sai ya murɗa tasha. Ɗalibai kuwa a waya suke ji, da abin kunne, suna tafiya daga aji zuwa ɗakin kwana, kuma abin da suke nema gajeren bayani ne kan jadawalin jarrabawa da tallafin karatu da matsalar ruwa.

Saboda haka na tsara shirin kashi uku: minti goma na farko na ɗalibai, minti goma na mutanen gari, sauran kuma a buɗe layin waya kowa ya kira, a kan maudu'i guda da ya shafi ɓangarorin biyu. Ni na rubuta tsarin, ni na naɗo muryoyin, ni na zaɓi kiɗan taken shirin. Ita sa hannu kawai ta yi. Amma tun mako na biyu ta fara cewa tashar ta ɗalibai ce, wai mutanen gari suna da manyan tashoshinsu, wai ina mayar da shirin na ƙauye. Na tuna mata cewa tun 1957 BBC take watsa labarai da Hausa, kuma Rediyon Kaduna da iyayenmu suka tashi da shi tun 1962 da Hausa ya yi suna har ƙasashen maƙwabta, sai ta ce ai waɗannan na tsofaffi ne. Ita burinta ta yi Turanci a ji ta, ta yanki wurin da ta yi magana ta ɗora a Instagram.

To ranar Alhamis da ta wuce maudu'inmu shi ne hayar ɗakuna tsakanin ɗalibai da masu gidaje. Wani dattijo ya kira, ya fara da sallama da gaisuwa irin ta manya, yana tambayar lafiyar malamanmu da iyayenmu. Kafin ya kai ga maganarsa sai ta yi dariya a makirufo, ta faɗa da Turanci cewa wannan kakan zai cinye mana lokaci, sannan ta kwaikwayi muryarsa. Hajiya, jikina ya yi sanyi. Ban san lokacin da na ja madannin makirufonta ƙasa ba, na ba dattijon haƙuri, na bar shi ya kammala. Na manta ban gaya miki ba cewa ranar ni ce a kan na'urar haɗa sauti, saboda mai kula da ita ya fita duba janareta. Kuma dattijon ba kowa ba ne illa wanda na zauna a zaurensa, na roƙe shi da bakina ya kira, bayan ya ce mini ɗalibai ba sa ganin girman kowa.

An ce wai na bar makirufon a rufe har ƙarshen shirin. Gaskiya ne, kimanin minti bakwai ne, amma ina tsoron kada ta sake faɗin wata maganar, kuma an sha gaya mana a aji cewa hukumar NBC, mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, tana hukunta tashoshi a kan abin da ya fita a iska. Na san na faɗa mata wasu maganganu bayan mun fito, amma kowa a irin wannan hali zai faɗa.

Washegari ta riga ni zuwa ofishin malam tana kuka. Ta ce na wulaƙanta ta a gaban duniya, na mallake shirin, ba na karɓar shawararta ko ɗaya. A zauren WhatsApp na ajinmu an yaɗa wurin da muryarta ta ɗauke, amma ba wanda ya saka dariyar da ta jawo haka. Yanzu ta kwashe kayan girkinta daga ɗakinmu, idan na yi sallama da kyar take amsawa. Malam bai ce ni ce mai gaskiya ba, bai kuma ce ita ce ba. Ya ce minti 30 ba zai ɗauki kowa da kowa ba, wanda ya ce zai yi wa kowa magana a lokaci guda ƙarshenta ba wanda zai saurare shi, kuma mu kawo sabon tsari mai sa hannunmu mu biyu ranar Litinin, in ba haka ba a ba wasu lokacin, makin kuma mu rasa shi gaba ɗaya. Wannan magana tasa ta fi komai yi mini ciwo, domin kamar yana nufin tsarin nawa ne ya haifar da rigimar.

Abin da nake son ki ba ni shawara a kai shi ne, shin da gaske shiri ɗaya ba zai haɗa ɗalibi da dattijon unguwa ba? Na yi tunanin mu riƙa yin mako ɗaya na ɗalibai, mako ɗaya na gari, amma ina gudun matan nan su kunna su ji Turanci su ɗauka na yaudare su. Na kuma yi tunanin in bar mata shirin, sai dai idan na yi haka da wane ido zan kalli dattijon nan, alhali ta ƙofar gidansa nake wucewa kullum? Har yau ban je na ba shi haƙuri a gida ba, domin ban san ko ya ji abin da ta faɗa da Turancin ba, ko da yake kwaikwayon muryar ba ya buƙatar fassara.

Hajiya, idan har sai na ba ta haƙuri kafin ta sa hannu a takardar, ya zan yi in ba ta ba tare da ta ɗauka cewa dariyar da ta yi daidai ce ba? Kwana biyu kacal suka rage mini.

'Yarki,
wata ɗaliba mai sauraronki kullum